Babi na Biyar: Sunan Kayan Aiki da Awonsa

A shekarar 1678 birnin Landan bai gama miƙewa daga gobarar 1666 ba, gobarar da ta lashe gidaje sama da 13,000. Duk inda ka juya gini ake yi, ana neman kafintoci da maƙera da magina ruwa a jallo. A cikin wannan hali ne wani mai sana'ar ɗab'i da zanen taswira, Joseph Moxon, ya soma fitar da wani littafi kashi-kashi, 'yan shafuka kaɗan a kowace fitowa, mai suna Mechanick Exercises. Ya fara da ƙira, ya koma kan aikin katako na cikin ɗaki, ya bi da na ginin gida, sannan aikin masu fere itace a kan injin juyi. A 1683 ya ƙara da tasa sana'ar ta ɗab'i.

Hanyar da ya bi mai sauƙi ce. Yakan ɗauki kayan aiki guda, ya faɗi sunansa, ya nuna shi a zane da harafin da mai karatu zai gane shi, ya bayyana yadda ake riƙe shi, yadda ake wasa shi, da irin ɓarnar da sabon hannu kan yi da shi. In ya gama da sana'a sai ya jero kalmomin da masu ita ke faɗa a tsakaninsu, ya warware ma'anar kowace. A wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun 1563 dokar Ingila ta ce sai yaro ya yi shekara 7 a hannun maigida kafin ya ci gashin kansa, kuma abin da ya koya a shekarun nan na 'yan ƙungiya ne, daga baki sai kunne. Moxon ya kwaso shi ya zuba a takarda, duk mai 'yan kuɗin saye ya saya. Har yau ana sake buga littafin, masu aikin katako da kayan hannu a Ingila da Amurka suna duba shi.

Sunaye kuwa a Landan ta lokacin abin faɗa ne, domin abinci na rataye da su. Masu aikin katako ba jinsi ɗaya ba ne. Mai kafa ginshiƙi da rufi daban, mai harhaɗa ƙofa da taga da akwati daban, mai fere ƙafar kujera daban, mai ganga daban, mai ƙafar keken doki daban, kowa da sunansa, manyansu kuma da ƙungiyarsu mai takardar izini daga sarki. Ƙungiyar masu ginin gida ta sami tata takardar a 1477, ta masu harhaɗa kayan ɗaki a 1571. Rigima ta yi ta tashi a tsakaninsu kan wane aiki ne na wa, har a 1632 dattawan majalisar birni suka zauna suka raba musu: aikin da ake fafe rami a zura harshen katako a ciki, ko a haɗa da gam, na masu kayan ɗaki ne, wanda ake bugawa da ƙusa kawai, na masu gini. Ka ga ke nan sunan haɗin katako guda yana iya hana mutum kwangila. Mu a nan duk mun tattara su a ƙarƙashin kafinta, in ana son bambantawa sai a ce kafintan rufi ko kafintan kujeru.

Shi kansa Turancin da aka rubuta a littafin, tarin aro ne. Sunayen guduma da zarto da gatari da gizago da ƙusa da magagari tsofaffi ne a harshen, gadon kakanninsu da suka ƙetaro daga arewacin Jamus. Bayan 1066, da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, manyan gine-gine na dutse da katako suka koma hannun masu magana da Faransanci, sai sunayen kurfi da filen da gudumar itace suka shigo daga can. Kalmar da ta zama kafinta a bakinmu ita ma ta wannan ƙofar ta bi, asalinta kuma a Latin mai ƙera keken doki take nufi. Wadda ta zama sifana daga Jamusanci take, sunan ɗan ƙarfen da ake ɗana bindigar da da shi ne, kuma Ba'amurke bai ma karɓe ta ba, yana da tasa kalmar daban har gobe. Hatta zanen kayan aikin da ke littafin Moxon, yawancinsa an kwaikwayo shi ne daga littafin wani Bafaranshe, André Félibien, da ya fito a 1676. Na kawo wannan ne saboda masu jin nauyin faɗin sukudireba ko filaya a cikin Hausa, suna ganin kamar harshen ne ya gaza. Babu harshen masu sana'a a duniya da bai ci aro ba. Kayan aiki yawo suke yi daga hannu zuwa hannu, sunansu na biye da su.

Abin da ya ɗaga Turanci a wannan fage har ya mamaye rumfunan duniya ya zo ne daga baya, da inji. Wurin da ya fi dacewa a tsaya a kalla shi ne tashar jiragen ruwan yaƙi ta Portsmouth, a kudancin Ingila, farkon ƙarni na 19. Jirgin ruwa na lokacin da iska yake tafiya, kuma kowace igiyar da ke ɗaga filafilansa ko jan igwarsa sai ta bi ta cikin wata kurar katako mai ɗan gargare a ciki. Jirgi mai igwa 74 yana cin irin wannan kura kusan 1,000. Rundunar ruwan Ingila, tana tsakiyar yaƙi da Napoleon, tana buƙatar kimanin 100,000 a shekara, yawancin aikin kuma da hannu ake yi.

Mutum uku suka haɗu a kan matsalar. Samuel Bentham, mai kula da ayyukan tashoshin rundunar, wanda tun 1791 da 1793 ya yi rajistar dabarun injinan sarrafa katako. Marc Brunel, injiniya Bafaranshe da ya baro ƙasarsa lokacin juyin juya hali, shi ya zana injinan. Henry Maudslay, gwanin maƙeri na Landan, shi ya ƙera su, duka da ƙarfe. Injina 45 aka kafa. Zuwa 1808 suna fitar da kura 130,000 a shekara, kuma mutum 10 da ba su yi koyon sana'a ba suna yin aikin da a da sai gwanaye 110.

Abin lura shi ne yadda aka yi tunanin. Brunel bai ƙera inji guda mai kwaikwayon kafinta ba. Ya zauna ya warware aikin kafintan ne daki-daki. Da farko a yanke gungumen, inji guda. A huda shi, wani injin. A fafe ramin da gargaren zai zauna, wani. A rage kusurwoyi, a fitar da siffa, a tsaga hanyar igiya, kowanne da nasa. Da kowane mataki ya sami injinsa sai ya sami sunansa, sunan kuma daga aikin aka ciro shi. Shi ya sa in ka buɗe kundin kamfanin da ke sayar da injinan katako a yau za ka tarar yawancin sunayen suna faɗin abin da injin ke yi ne: mai gogewa, mai daidaita kauri, mai fafe rami, mai fitar da ado a gefe. Wanda ya san matakan aikin da hannunsa ya riga ya san rabin wannan Turancin, saura kawai a nuna masa wace kalma ce ta wane mataki. Sauran injinan sun biyo a hankali. An yi rajistar zarto mai kewaya a Southampton a 1777, zarto mai kama da ɗamara a Landan farkon ƙarni na 19, ko da yake bai yi amfani sosai ba sai da Faransawa suka gano yadda za a liƙe bakin ƙarfen ya daina tsinkewa. Injin huda na hannu mai lantarki kamfanin Fein na Jamus ne ya fitar da shi a 1895, Black & Decker na Amurka suka ba shi mariƙi da kunama irin na ƙaramar bindiga a 1917.

To, inji ya kawo wata sabuwar damuwa, wadda a ganina ita ce zuciyar wannan babi. Inji da noti da sukuru ake ɗaure shi, kuma a farkon ƙarni na 19 kowace masana'anta a Ingila da irin haƙorin da take yanka wa sukurunta. Notin wannan gida ba ya hawa ƙarfen wancan, kamar yadda mudun wata kasuwa ba ya cika na wata. In inji ya lalace a nesa da inda aka ƙera shi, sai dai a nemi maƙeri ya yanko sabon noti daidai da wannan ƙarfen shi kaɗai. Joseph Whitworth, wanda ya yi aiki a hannun Maudslay kafin ya buɗe tasa masana'antar a Manchesta a 1833, ya bi masana'antu yana tattara samfurin sukuru, ya auna, ya fitar da tsaka-tsaki. A 1841 ya gabatar wa ƙungiyar injiniyoyi shawararsa: kusurwar haƙori ta zama digiri 55, kuma kowane kauri ya kasance da ƙayyadadden adadin haƙora a cikin inci guda. Mai kwatan inci haƙora 20, mai rabin inci 12, mai inci guda 8. Kamfanonin jirgin ƙasa suka karɓa, sauran masana'antu suka bi.

Daga ranar, suna ya zama alkawari. Mutum a Kalkata ko Legas zai rubuta wasiƙa ya ce a aiko masa da noti mai rabin inci na Whitworth, bayan wata biyu ya iso, ya ɗaura, ya hau daram, alhali mai yankan bai taɓa ganin injin ba. Wannan shi ne ƙarfin da ke bayan kalmomin. Ba daɗin furuci ya yaɗa su ba. An rubuta su, an ɗaure kowace da awo, an kuma samu dubban mutane da suka yarda su tsaya a kan awon.

Amurkawa ba su bi ba. A 1864 William Sellers na Filadalfiya ya kawo nasa tsarin mai digiri 60, wanda daga baya ya tsaya a kan haƙora 13 ga mai rabin inci. Bambancin haƙori guda ne tak, amma noti zai fara hawa, ya yi zagaye biyu ko uku, ya cije, in ka matsa masa da ƙarfi ya cinye haƙoran duka. A yaƙin duniya na biyu wannan ya jawo wahala mai yawa ga ƙasashen da ke yaƙi a gefe guda. Da kamfanin Packard na Amurka ya karɓi aikin ƙera injin jirgin sama na Rolls-Royce mai suna Merlin, sai da ya tanadi kayan yankan haƙori irin na Ingila musamman. Bayan yaƙi, a 1949, Amurka da Ingila da Kanada suka koma kan tsari guda. A 1959 aka tsayar da inci a kan milimita 25.4 cif. Kafin a gama sabawa da wannan, tsarin mita ya riga ya cinye yawancin duniya.

Duk wannan tarihi yana nan kwance a akwatin bakanike a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. In maigida ya ce wa yaronsa, “Kai, miƙo mini sha uku,” faɗin kan notin yake nufi da milimita. Motocin Turai irin Peugeot, da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, sun fi cin 10 da 13 da 17 da 19. Na Japan kuwa 10 da 12 da 14 da 17. Tsohuwar sifanar Ingila lambar da ke jikinta kaurin ƙarfen sukurun take faɗa, ba faɗin kan notin ba, shi ya sa wanda ya gaji irinta yakan rasa gane lissafinta. Tsohon keken Raleigh yana da nasa haƙorin na gida, 26 a inci, abin da ya sa wasu kayan keken zamani ba sa hawansa. Haƙorin bututun ruwa da mai aikin famfo ke kira rabin inci ko inci guda kuwa, har yau mai digiri 55 ɗin nan ne na 1841.

A ɓangaren katako ma haka lamba ta zama suna. Kamfanin Stanley na Amurka ya sayi dabarar filen ƙarfe ta Leonard Bailey a 1869, ya jera su da lambobi. Lamba 4 gajere ne na gogewar ƙarshe. Lamba 5 mai tsawon inci 14 shi ne na aikin yau da kullum, wanda kafintocinmu ke cewa jakfilen. Lamba 7 mai inci 22 na miƙar da gefen dogon katako ne. Da kamfanin Record na Sheffield ya fara nasa a 1931 sai ya bi lambobin, masu yi a Indiya da Sin a yau su ma haka. Wani lokaci kuma sunan mutum ko kamfani ne ke manne wa abu. Ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai gefe shida da ake kira alanki, daga kamfanin Allen na Hartford yake, wanda ya yi rajistar sukurunsa a 1910. Sukuru mai kan tauraro sunan Henry Phillips yake ɗauke da shi a takarda, kuma masana'antar motoci ce ta yaɗa shi daga 1936, don ya fi sauƙin ɗaurawa da inji.

Yaya aka yi kalmomin suka iso mu? Kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da masassaƙa, gwanaye kuwa. Turmi da taɓarya, akushi, kujera 'yar tsugunno, allon karatu, ƙotar fartanya, sirdi, duk aikinsu ne. Sun san ƙirya don turmi, aduwa don allo, giginya don azara, sun san wane itace gara ke tsoro. Amma aikin masassaƙi ragewa ne: gungume guda yake ɗauka, ya yi ta cire abin da ba ya so da gatari da gizago har abin da yake so ya fito. Awonsa taƙi ne da kamu da ido. Kafinta kuwa haɗawa yake yi, da falankin da inji ya riga ya yanka a kan awo. Sana'a ce daban, ta zo da kayanta.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Kafin nan, a 1909, Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa mai sashen koyon sana'o'in hannu. Ma'aikatar jirgin ƙasa da ma'aikatun ayyuka na gwamnati da na En'e suka buɗe wuraren aiki. Da yawa daga masu sana'ar farko mutanen kudu ne da na bakin teku da suka zauna a Sabon Gari, saboda haka kalmomi da dama ba daga bakin Bature muka ji su ba, sai da suka bi ta bakin Bayarabe ko Ibo ko mai Turancin buroka. Kunnen Bahaushe ya karɓa, harshensa ya gyara. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe ba wasali, ba ta kuma son kalma ta ƙare a kulle, sai aka sami falanki, benci, fenti, sanfefa, sikwaya, filawud, birkila, walda. Inda kayan ya riga ya kasance a hannun maƙera da masassaƙa, sunan gida ya tsaya da ƙafarsa: zarto, ƙusa, magagari, awartaki. Guduma da hama kuwa suna zaune tare a rumfa guda.

Awon ma ya zauna. Nijeriya ta koma tsarin mita a hukumance tun shekarun 1970, amma je ka 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ka ji. Tubaitu, tubaitiri, tubaifo, wanbaitwal, tsawo ƙafa 12. Ƙusa inci 2, inci 3, inci 4. Filawud ƙafa 4 da ƙafa 8, awon da masana'antun duniya suka riƙe ko da sun rubuta shi 1220 da 2440 a milimita. Shi kansa katakon yawanci daga dazukan kudu yake zuwa, inda kamfanin katako da filawud na Sapele ya yi suna, wani jan katako ma ya ɗauki sunan garin a kasuwannin Turai. Ƙetara iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram kuwa, Hausar ɗaya ce, amma kafinta da santimita yake awo, sunayen kayan aikinsa da yawa daga Faransanci suke. 'Yan'uwa ne na jini, sana'a ɗaya, amma sai an yi nuni da hannu kafin a fahimci juna a kan wasu kayan.

Ni ban ga aibi a yadda muke furta waɗannan kalmomi ba. Sun zama namu, da yawansu suna cikin ƙamusoshinmu, kuma wanda ke dariyar kafinta don ya ce sanfefa bai san tarihin harshen da yake taƙama da shi ba. Damuwata a wani wuri take. Mun karɓi sunayen da kunne, amma rabin abin da sunan ke ɗauke da shi a rubuce yake, a jikin kwali, a jikin faifan zarto, a kan ɗan farantin da ke manne da injin. Wannan rabin bai iso ga mafi yawan masu aikin ba, kuma shi ne ke cin kuɗi, wani lokaci ya ci yatsu.

Ɗauki injin hannu da aka sayo na gwanjo. Wutarmu bolt 230 ce. Injin da aka yi don kasuwar Amurka na bolt 120 ne. Ko wanda ya fito daga Ingila, in na wurin gini ne, sau da yawa na 110 ne, don a can da taransifoma mai ruwan ɗorawa ake amfani da su saboda kare rai. An rubuta wannan a jikinsa ƙarara. Wanda bai karanta ba zai jona, injin ya yi gurnani na ɗan lokaci, hayaƙi ya tashi, jarin wata guda ya tafi. Ɗauki giranda. Ƙaramar giranda tana juyi kusan sau 11,000 a minti, zarton katako na hannu mai kewaya kuwa wajen 5,000 zuwa 6,000. Kowane faifai an buga iyakar juyin da zai iya ɗauka a jikinsa. Amma ana ganin masu ɗaura faifan zarton katako a kan giranda, har a cire murfin kariya don faifan ya shiga. In haƙorin ya cije a kulli, injin kan dawo kan mai shi kafin ya ƙifta ido. A Turanci wannan dawowar tana da suna, ɗan ƙarfen da ake sa wa bayan faifan injin tebur don hana ta shi ma yana da suna, kuma duk littafin da ke zuwa da injin yana gargaɗi a kansu tun shafukan farko. A rumfunanmu da yawa abin ba shi da suna, ƙaddara kawai ake ce masa bayan ya faru. Abin da ba a sa masa suna ba, da wuya maigida ya ja kunnen yaronsa a kansa.

Akwai ƙananan misalai da ba sa zubar da jini amma suna ɓata aiki. Lambar bayan sanfefa, 60 ko 80 mai kaushi ce, 120 matsakaiciya, 220 mai laushi, in lamba ta hau kaushi ya sauka. Zarton da ke bin tsawon katako haƙorinsa daban da mai yanke shi a gicciye, adadin haƙoran a inci yana rubuce. Gam na cikin ɗaki daban da mai jure ruwa. Gwanin kafinta ya san duk wannan da hannunsa, ya gano shi bayan shekaru da asara. Yaronsa ma sai ya bi ta wannan doguwar hanyar, alhali layi biyu na rubutu da ya gajarce masa ita.

An taɓa yunƙurin gyara daga sama. Da aka kawo tsarin karatu na 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, aka sa darasin fasaha a ƙananan sakandare, aka shigo da injinan katako da na ƙarfe daga ƙasashen waje. A makarantu da dama injinan sun shekara a cikin akwatunansu, babu ɗakin da za a kafa su, babu wuta, babu isassun malaman da suka taɓa kunna irinsu. Yara suka haddace sunayen da Turanci don jarrabawa ba su taɓa kayan ba. A ƙetaren titi kuma ga yaran rumfa suna riƙe da kayan kullum ba su san yadda ake rubuta sunan ba. Ilimi guda aka raba biyu, aka ba kowa rabin da ba zai ishe shi ba.

Abin da ya rage mana aiki ne da ba ya buƙatar jiran kowa daga waje. Muna buƙatar littafin kayan aiki da Hausa, mai hoto, wanda kowane shafi zai nuna abu guda: sunansa yadda ake faɗa a rumfa, sunansa yadda yake a rubuce a kwali da Turanci da Faransanci, awon da ke tare da shi, da haɗarin da ke cikinsa. Kada a ƙirƙiro wa filaya sabon suna a ofis, ba wanda zai faɗe shi. A rubuta abin da masu aikin ke faɗa, inda Kano da Sakkwato da Damagaram suka bambanta a kawo duka. Inda babu suna sam, kamar sassan kariya na inji, a zauna da manyan kafintoci su raɗa da kansu, don su ne za su riƙa faɗa wa yara. A kuma keɓe sashe ga masassaƙa, a tattara sunayen kayansu da na itatuwansu tun tsofaffin da suka san su suna raye, domin roba da ƙarfe suna ta korar akushi da kujerar sassaƙa daga gidaje.

Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wadda aka kafa a 1977, tana Kaduna. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsuna da ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Kafintoci suna da ƙungiyoyi a kusan kowane babban gari, kuma yawancin yaran rumfa suna da waya mai ɗaukar hoto da murya. Ina kira ga waɗannan ɓangarori su haɗu a kan wannan aiki. Kai kuma mai karatu, in akwai kafinta ko masassaƙi ko bakanike a gidanku ko unguwarku, ka ware yammaci guda ka je da littafi da biro, ka gaishe shi, ka roƙe shi ya buɗe maka akwatinsa ya faɗa maka sunan kowane abu da aikinsa, ka rubuta yadda ya faɗa.